Amsa ta murya kan bikin kifin Holan da aka turo

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na kalli bidiyon da ka turo na jiragen ruwa da aka yi wa ado da tutoci, na kuma ji kana tambaya ko wannan shi ne Argungun Turawa. A ganina abin da ke ranka shi ne yadda gari guda zai rufe aiki saboda kifi, to bari in fara ta can.

Wurin nan Sikebeningen ne, bakin tekun birnin Heg na ƙasar Holan, inda kotun duniya take, kuma sunan bikin a harshensu yana nufin ranar tutoci. Asalinsa, masunta ne ke ƙawata jiragensu kafin su fita kamun shawa, wannan dai shawar da ake kawo mana daskararre cikin kwali. Yanzu a watan Yuni ake yin sa, domin tarbar kifin sabuwar shekara, kuma ba a kiran kifi sabo sai kitsensa ya kai kashi 16 cikin ɗari. Ana yanke masa maƙogwaro a fitar da kayan ciki, a bar wani ɗan sashe wanda shi ke nunar da naman, a barbaɗa gishiri, ba ya ganin wuta. Mutumin da ka gani ya kama wutsiya ya ɗaga kai ya zura kifi a baki da albasa, ba wasa yake yi ba, haka suke cin sa. A ranar ce ake gwanjon gangar farko, a ba da kuɗin ga aikin taimako. A'a, na yi kuskure, gwanjon yana rigan bikin da ƴan kwanaki.

Saboda haka ba Argungu ba ne. Argungu gasa ce a kogin Matan Fada, da gora da homa, tun 1934, ana neman wanda zai fito da giwar ruwa mafi nauyi. Su waɗannan talla suke yi wa hajarsu, suna sanar da duniya cewa kaka ta yi.

Batun cinikin kifi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da Madarumfa, garin nan mai tafki kusa da Maraɗi. Wata shekara na je bakin tafkin da sassafe, na tarar da wani dattijo ya fito da tarwaɗa da karfasa cike da kwando, suna motsi. Wani dillali ya taya, dattijon ya ce albarka, sai dillalin ya koma inuwa ya zauna yana shan shayi, domin ya san babu ƙanƙara kuma rana tana yi masa aiki. Kafin azahar ya ɗauke kwandon a ƙasa da tayinsa na farko, ya kawo Maraɗi ya ninka. Na yi magana, aka ce mini ina ruwana, tunda ni ba Sarkin Ruwa ba ne. Har yau in na ga kwalin shawa a Babbar Kasuwa, wanda ya ƙetaro teku da sanyinsa, sai in tuna kwandon nan da bai iya jure rabin yini ba. Batun ko ɗanyen kifi yana ciwuwa kuwa, ni dai na bar wa masu shi.