Kada siminti ya taɓa bangon gidan Kaka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana son ka shafe gidan Kaka na Marwa da siminti, ka kwaɓe soron ka sa kwano, kana tambaya ko al'ada ce kawai ta hana. Al'ada ce, amma da dalilinta.

Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. In ka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ke tasowa daga tushe ya rasa mafita, sai ya ruɓar da tubalin daga ciki. Waje sumul, ciki gari. Ƙwanƙwasa za ka ji yana amsawa kamar ganga, bayan 'yan damuna kuma shafen ya ɓantare da naman bangon. Katangar fadar Rai Buba ta Arewacin Kamaru da ake zuwa kallo, ƙasa ce, yaɓe ke riƙe da ita.

Fara daga sama. Hau soron ka duba indararo, domin yawancin rushewa daga nan take farawa: ya toshe, ruwa ya kwanta, ya bi ta kan azara. A sa mai tsawo, bakinsa ya wuce bango da kamu guda aƙalla. Azara kuwa a caka mata wuƙa a inda ta shiga bango, can take fara lalacewa. Wadda ta yi laushi a canza ta da ta giginyar da ta ƙosa, ita gara ba ta cika ci ba. Kada a shimfiɗa ta fiye da mita 2 babu madogara. Abin da ya sa magina suka ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, ke nan, ba don ado kaɗai ba.

Sai yaɓe. A kankare tsohon da ya saki, a yayyafa ruwa. Ƙasar ta zama irin ta ginin, a cuɗa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana uku zuwa bakwai ana sake takawa. In ta tsage bayan ta bushe, yumɓu ya yi yawa, ƙara yashi. In tana zuba da an shafa hannu, yashin ne ya yi yawa. Kowane shafi kada ya wuce kaurin yatsa, kuma sai ya sha iska a ɗora wani. Na ƙarshe da ruwan makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa. Soron kuma laso yake so, wato shafin da ke hana ruwa shiga: katsin marina (abin da ke kwantawa a ramin rini), gashin da majema ke kankarewa, da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Majema dai ba a rasa su a Marwa.

Yi aikin tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Zafin Afrilu yana busar da yaɓe da gaggawa ya farfasa shi.

Gindin bango a yi masa dakali mai gangara, can siminti ba laifi muddin bai hau bangon ba. Famfo da makewayi a nisanta su. Wayar lantarki ta bi cikin bututu, ban da sassaƙa bango da zurfi.

Zaure kam kada ka taɓa fasalinsa, ko zankwayensa, ko ka buɗe ƙofa mai kallon tsakar gida. Sutura ce ga mata. Kuma gidan gado ne, ka zauna da gwaggonninka kafin magini ya ɗaga gatari.