Littafin mayya mai binciken kisan kai: a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji biyu a jami'a, ta roƙe ni in saya mata wani littafin ƙagaggen labari na Turanci. Da ta nuna mini bangonsa a waya sai na ga mace da doguwar hula mai tsini, ga baƙar kyanwa, ga butar shayi, kuma ta ce labarin wata mayya ce mai binciken kisan kai. Gabana ya faɗi. In saya ko in hana? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kalmar mayya ce ta tayar miki da hankali, kuma kina da hujja, domin a wurinmu maye shi ne mai kama kurwar mutum, wanda idan yaro ya kwanta yana sambatu ake kamowa a sa shi ya tsallaka shi. Wadda ke cikin irin waɗannan littattafai daban take. Yawanci budurwa ce ko bazawara mai ɗan shago a ƙaramin gari, wadda ta gaji wani asiri daga kakarta, tana haɗa saiwoyi da ganyaye, tana kuma jin abin da sauran mutane ba sa ji. Ta fi kusa da mai maganin gargajiya, sai dai Turanci ya haɗa su duka a kalma ɗaya.

Turawa suna kiran wannan rukuni na labarai cozy, wato labarin da ake karantawa cikin kwanciyar hankali. Akan yi kisa, amma ba a nuna wa mai karatu yadda aka yi shi. A tsinci gawa ne kawai a bayan shago ko a ɗakin karatu, ba a tsaya siffanta jini ba, ba a yin batsa, ashar ma da wuya a ci karo da ita. Mai binciken ba 'yar sanda ba ce, makaminta shi ne sanin mutanen garin da iya saurare. Tushen salon yana komawa ga marubuciyar Ingila Agatha Christie, wadda a 1930 ta fitar da littafinta na farko a kan Miss Marple, tsohuwar da ke zaune a ƙauye tana saƙa, tana gano masu laifi ta hanyar kwatanta halinsu da na maƙwabtanta. Marubutan Amurka ne suka yawaita ƙara wa salon tsafi daga baya. Jerin Juliet Blackwell da ya fara a 2009 yana bin wata mai shagon tsofaffin tufafi a San Francisco, na Bailey Cates kuma da ya fara a 2012 yana bin wata mai gasa burodi da kek a garin Savannah na jihar Jojiya. Wasu sukan kai labarinsu Salem ta jihar Massachusetts, inda aka rataye mutum 19 a 1692 bisa zargin maita, garin da yanzu wannan tarihin ne yake jawo masa masu yawon buɗe ido.

Saboda haka, ta fuskar tashin hankali da rashin kunya, littafin ya fi finafinai da yawa da ke yawo a wayoyin yaranmu tsafta. Abin da ya kamata ki auna shi ne yadda ake nuna sihiri a matsayin abin alheri: jarumar takan yi duba da kati, takan kunna kyandir ta karanta wasu kalmomi, wani lokaci ta yi magana da fatalwar mamaci, kuma wasu marubutan suna ɗebo waɗannan abubuwa daga wani addinin zamani da ake kira Wicca. Akwai kuma ɗan shan giya da zama da saurayi, waɗanda a can ba a ɗauke su bakin komai ba. A ganina, yarinyar da ta kai jami'a, wadda ta taso da tatsuniyar Gizo ta kuma karanta aljanun da ke cikin Ganɗoki, ta isa ta bambance labari da aƙida, don haka da ni ce sai in saya, in kuma tambaye ta abin da ta gani a ciki bayan ta gama. Da ƙanwarta ce 'yar shekara 12, da na jinkirta. Idan kuwa zuciyarki ba ta natsu ba, kada ki tilasta wa kanki. Ki saya mata ɗaya daga littattafan Miss Marple, za ta sami ƙauyen da gulmar da binciken, ba tare da ko laya ɗaya ba.

Tambaya: Ni mai son labaran bincike ne. Na sayi irin wannan littafi a Kindle (manhajar saye da karanta littattafai a waya), na bi shi har babi na ƙarshe ina zargin wannan ina zargin wancan, kawai sai fatalwar wanda aka kashe ta fito ta faɗi sunan makashin. Na ji kamar an cuce ni. Yaya zan gane mai kyau kafin in biya? (Wani malamin makaranta daga Jos)

Amsa: Malam, lallai an cuce ka, kuma ba kai ne farkon mai wannan ƙorafi ba. Tun a 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya tsara ƙa'idoji 10 na wannan fanni, ta biyunsu kuwa ta haramta warware kisa ta hanyar gaibu. Dalilinsa a fili yake: daɗin labarin shi ne a baje maka alamu kamar yadda aka baje wa mai binciken, ku yi tsere, wanda ya riga ya riga. Marubucin da ya san aikinsa yakan ɗaure wa tsafin ƙafa tun daga farko. Fatalwar ba ta ga wanda ya buge ta ba domin ta baya ya zo, ko kuma jarumar tana iya jin cewa mutum yana ƙarya amma ba ta san a kan me yake yin ta ba, ga shi kowa a garin yana da abin da yake ɓoyewa. A nan asirin ya ƙara mata aiki ne, dole ta koma ga tambayar wa ya ga wa, da ƙarfe nawa, kuma wa zai ci gado.

Kindle yana ba da samfurin farkon littafi kyauta, sai ka sauke shi ka duba abu biyu: ko an faɗi abin da asirin jarumar ba ya iyawa, da kuma ko an fara gabatar da mutane huɗu ko biyar da kowannensu ke da dalilin ƙin mamacin. Idan ka ga tana kaɗa yatsa komai yana faruwa, ka riƙe kuɗinka. Wajen karanta ra'ayoyin masu saye, ka tsallake waɗanda suka ba littafin tauraro biyar, wato cikakken maki, ka nemi masu uku, domin su ne suke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba.

Ka kuma lura da aljihunka. Kusan duk waɗannan littattafai jeri ne, wasu sun haura 20, kuma akan saka na farko kyauta ko a farashi mai rahusa don a kama ka, sauran kuma ka riƙa biyan kuɗinsu da dala, littafi bayan littafi. Ka duba yawan shafuka kafin ka danna, saboda wasu gajeru ne da za ka cinye tsakanin la'asar da isha'i. Ka fara da na ɗaya, tunda a can ake bayyana dokokin asirin da dangantakar mutanen garin. Na takarda kuwa, sau da yawa kuɗin aiko shi daga waje yakan zarce kuɗin littafin kansa, don haka gara ka fara leƙa wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ko ka jira wani mai dawowa daga tafiya ya saka maka biyu a jaka.