Tsoron kujerar likitan haƙori: akwai ƙwayar da ke kwantar da hankali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, shekaruna 41. Ina yaro wani wanzami ya cire mini haƙori ba maganin kashe zafi, mutum biyu suna danne da ni, kuma tun daga ranar ban ƙara yarda an sa mini ƙarfe a baki ba. Yanzu wani matauni na ƙasa ya yi kogo, kusan wata biyu ke nan yana hana ni barci, kanumfari da farasitamol sun daina yi mini aiki. Sau biyu ina zuwa asibiti, da zarar na ji ƙarar injin sai in sulale in koma gida. Wani abokina ya ce in sayi Valium wajen masu tallar magani in haɗiyi biyu kafin in tafi. Ko wannan shawara ce mai kyau?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya. Tsoron da kake ji ba ragwantaka ba ne, domin jikin da aka taɓa dannewa yana yaro ba ya mantawa. Na sha ganin magidanta sun hau kujerata sun ƙanƙame hannuwanta har jijiyoyinsu sun tashi, gumi ya jiƙe wuyan riga, alhali ko madubi ban ɗauka ba tukuna.

Ƙwayar da kake tambaya akwai ta, kuma likitocin haƙori suna ba da ita bisa ƙa'ida. Valium sunan kasuwa ne na diyazefam, wanda kamfanin Roche na Suwizalan ya fitar a 1963, kuma yana da 'yan uwa irin su midazolam da lorazefam. Dukkansu suna ƙarfafa aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda shi ne ke sassauta gudun saƙonni a jijiyoyi. Likitocin da suka yi karatu a tsarin Faransa kuma sukan rubuta Atarax, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi ne mai sa gyangyaɗi. Ana shan ƙwayar kamar awa ɗaya kafin aiki. Mutum ba ya suma, yana jin magana, yana buɗe baki idan an ce ya buɗe, amma faɗuwar gaba ta lafa, kafaɗu sun saki, kuma sau da yawa bayan an gama ba ya tuna yawancin abin da ya wakana.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ƙwayar tana kwantar da hankali ne kawai, ba ta kashe zafi. Abin da ke kashe zafi shi ne allurar da ake yi a dasashi, irin su lidokayin da aka gano a Suwidin a 1943. Cikin 'yan mintoci leɓe da gefen harshe za su yi nauyi kamar ba naka ba, za ka ji ana turawa ana girgizawa, amma ba za ka ji raɗaɗi ba. Wannan shi ne abin da wanzamin yarintarka bai da shi, kuma shi ne ya sa abin da ke jiranka yanzu ya sha bamban da wancan.

Shawarar abokinka kuwa, ina roƙonka da ka ajiye ta, ko da yake na san da kyakkyawar niyya ya ba ka. Maganin da ya sha rana a kan tire ba wanda zai tabbatar maka abin da ke cikinsa ko ƙarfinsa. Ko da na gaskiya ne, ƙwayar da aka haɗiye ba a dawo da ita, kuma adadin da bai girgiza wani ba yana iya kwantar da wani har numfashinsa ya yi rauni. Shi ya sa likita ke duba shekaru da nauyi da lafiyar hanta da huhu kafin ya rubuta, ya maƙala 'yar na'ura a yatsa mai nuna iskar da ke cikin jini, ya kuma tanadi fulumazenil, allurar da ke warware aikin wannan dangin magani. Haɗarin ya fi muni idan ƙwayar ta haɗu da giya, ko maganin tari mai kodin, ko taramol, wanda duk mun san yadda ya yaɗu a garuruwanmu. Mai ciwon haƙori na wata biyu yakan kai ga shan duk abin da aka miƙo masa; idan ka taɓa taramol saboda wannan ciwo, ka faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, domin numfashinka ne ke kan wannan magana. Haka nan ka sanar da shi idan kana da asma, ko kana minshari mai tsanani har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Masu juna biyu da tsofaffi ma ana taka-tsantsan da su ƙwarai.

Idan likita ya ga ta dace da kai, to ranar ba ta kasuwa ba ce. Wani babba daga gida zai kai ka ya kuma dawo da kai. Ba za ka tuƙa babur ko mota ba har awa 24, kuma kada ka ƙulla ciniki ko ka ba da bashi, domin diyazefam yakan kwana a jini, mutum yana ganin ya warware alhali tunaninsa bai gama dawowa ba. A wasu asibitocin akwai iskar shaƙa mai kwantar da hankali da ake kira MEOPA, wadda ke barin jiki cikin mintoci bayan an cire abin shaƙar, saboda haka yana da kyau ka tambaya.

Ni dai abin da na fi so ka fara da shi shi ne zuwa na magana kawai. Ka ce wa likita tun daga bakin ƙofa: yau duba ni za a yi, ba aiki ba, kuma ga abin da ya same ni ina yaro. Ku yi yarjejeniya cewa duk lokacin da ka ɗaga hannun hagu zai dakata. Ka nemi lokacin safe don kada fargaba ta wuni tana cin ka, ka kuma bar goro da shayi mai kauri a ranar, saboda suna ƙara bugun zuciya. Mutane da yawa da suka zo neman ƙwaya, da aka yi musu haka, ba su ƙara tambayarta ba.

Abin da ba zan amince da shi ba shi ne ƙarin jira. Haƙorin da ya tara mugunya allura ba ta kama shi sosai, wato kowane mako ka ƙara, aikin na ƙara wuya. Idan kuwa ka ga kumburi ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya tare da zazzaɓi, to kada ka jira safiya, ka sa a kai ka sashen gaggawa na babban asibiti a wannan daren.