Ku Tambaye Mu: In zancen ƙwallo ya ƙare, abota ta ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗu da wani a zauren WhatsApp na magoya bayan Kano Pillars, kullum muna hira. Da aka tafi hutun kakar wasa sai zance ya ƙafe, ba ma wuce "ya aiki, ya gida". Ni tela ne, shi ɗalibi a BUK, ban da ƙwallo ba abin da ya haɗa mu. Anya wannan abota ce? Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ƙwallo ta gama nata aikin, ta haɗa ku. Abin da zai riƙe ku kuwa hali ne, shi ya sa ake cewa sai hali ya zo ɗaya ake abota. Dubi majalisar ƙofar gida bayan Isha'i: ga ɗan kasuwar Kwari, ga malamin makaranta, ga mai adaidaita, sana'a daban, jam'iyya daban, amma shekara ashirin suna benci ɗaya. Yawan zama tare ne ya ƙulla su, da zuwa suna, da dubiya, da ta'aziyya.

Waya ba ta ba da wannan. A zaure fuska ɗaya kawai kake gani ta mutum. Wani mai bincike a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya ƙiyasta a 2018 cewa sai an yi kusan awa 50 tare kafin sanayya ta fara zama abota, aminci kuma sai an haura awa 200. Saƙo biyu bayan an tashi wasa ba zai kai ku can ba.

To ka fito da shi daga zaure. Fara da kiran murya, sannan na bidiyo, don ka tabbatar mai hoton ne mai maganar. Tambaye shi abin da ba ka sani ba: me yake karantawa, yaushe jarrabawa? Ranar jarrabawar ka kira ka ji yadda ta kaya. Bambancinku ma abin hira ne, ɗalibi na buƙatar telan da ba ya saɓa alkawari gab da Sallah. Haɗuwar farko ta kasance da rana, cikin jama'a, kamar filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, kuma wani a gida ya san inda ka tafi. In mace ce, ta tafi da 'yar'uwarta.

Sai ka lura da abu biyu. Yana cika alkawarin lokaci? Yana nemanka shi ma, ko kai kaɗai ke kira? In ka kira sau uku a jere bai taɓa nema ba, bar shi a matsayin abokin kallon ƙwallo, ba laifi ba ne.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wanda komai ka ce kana so, shi ma yana so. Mazambata da haka suke shiga jiki, mako biyu sai labarin mara lafiya a asibiti ko rancen gaggawa. Kada ka tura kuɗi ga wanda ba ka san gidansu ba, kada kuma ka ba kowa BVN ɗinka ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta tes, da su ake ƙwace asusun mutum a roƙi 'yan'uwansa kuɗi da sunansa.