Kafin ka yanka rago, duba rabon alawus

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ma'aikatan kamfaninka kowa jan nasa yake yi, har kana tunanin shirya musu walima ko za su haɗa kai. Walima ba laifi ba ce, amma ban taɓa ganin tuwo da nama sun kashe gabar da rashin adalci ya haifa ba.

Na yi shekara 8 ina kula da ma'aikata a wani kamfanin ruwan leda a nan Sakkwato. Lokacin da na kama aiki, direbobi da masu inji ba sa ga-maciji da juna. Direban da ya kai kaya Illela ko Tambuwal yana da alawus a kan duk abin da ya sayar, shi kuwa wanda ya kwana tsaye a gaban inji, yana jiran a kawo wuta ko a tayar da janareta, ba ya ganin ko sisi bayan albashinsa. Idan leda ta fashe a hanya, direba ya ce ba a liƙe ta da kyau ba, mai inji ya ce gudun ganganci ne. Manajanmu kuwa kullum sai ya tara mu ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a watse kowa ya koma gidan jiya.

Al'amura ba su daidaita ba sai da muka tara alawus ɗin wuri guda, ana raba shi har da masu lodi, ana kuma rubuta lissafin a allo kowace Asabar don kowa ya gani da idonsa. Direbobi sun yi gunaguni, ɗaya ma ya ajiye aiki, amma daga nan asarar leda ta zama asarar kowa.

Azumin 2023, wanda ya kai cikin Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan wuce digiri 40, shi ya nuna mini cewa an samu abin da ake nema. Abokan aikinmu Kiristoci da kansu suka karɓi lodin tsakar rana, mu kuma muka riƙa tsaya musu ranar Lahadi, ba tare da ofis ya sa baki ba.

Sai dai ka kula da ɗan'uwan maigida da ke zuwa aiki da hantsi ba mai ce masa uffan, domin namu sai da ya kusa rusa mana duk wannan tsari kafin aka mayar da shi wani reshe.