Zama da 'yan kasuwar Isra'ila: amsa ga wani mai riɗi

Alhaji, na karanta saƙonka. Ka ce kana harkar riɗi a Dawanau, wani kamfani mai yin tahina (markaɗaɗɗen riɗi) a Isra'ila ya nemi ku zauna ta bidiyo, ko gaisuwa ba ku gama ba mutumin ya katse ka ya ce kayanka sun yi tsada. Ranka ya ɓaci, kana tambaya ko ka ci gaba da su.

Wannan kaɗai bai isa ka fasa ba. Haka suke yi wa junansu, har da sunan abin a bakinsu, "dugri", wato faɗar magana ba kwana-kwana, kalmar ma daga Larabci suka aro ta. Yaron kamfani kan yi musu da maigidansa a gaban baƙi, ya kira shi da sunansa tsurarsa. Ba raini ba ne a wurinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne kawaicinka. A kasuwarmu idan aka taya ka ce "albarka", kowa ya san ka ƙi. Idan ka ce "za mu duba", mai hankali ya gane. Ba'isra'ile ba zai gane ba. Shirunka amincewa ce a wurinsa, gobe sai ka ga takarda da farashin da ba ka yarda da shi ba. Ka buɗe baki ka ce a'a, ka faɗi dalili da lissafi: kuɗin tankaɗe, na buhu, na mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. Suna son ciniki, kuma tayin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Za su gwada kayanka da riɗin Humera na Habasha, wanda suka saba da shi, saboda haka ka zo da takardar gwaji mai nuna tsabta, danshi da yawan mai.

Ka kula da kwanaki. Makonsu na aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Daga faɗuwar rana ranar Juma'a zuwa daren Asabar hutun Shabbat ne, kada ka kira. Satumba da Oktoba cike suke da bukukuwansu, ranar Yom Kippur, babbar ranar azuminsu, komai tsayawa yake yi. Agogonsu yana gaban namu da awa 1, a lokacin zafinsu awa 2.

Idan kun haɗu kan abinci, masu kiyaye kosha, wato dokokin abinci na addinin Yahudawa, ba sa cin alade, ba sa haɗa nama da madara. Ka tambaya tukuna, kai ma ka faɗi naka. Masu riƙon addini a cikinsu ba sa musabaha da matan da ba nasu ba.

Maganar Falasɗinu na san tana ranka, ni ma tana raina. Ka yanke shawararka a kanta kafin ka zauna, don teburin ciniki ba wurin warware ta ba ne.

Bayan zaman, ka rubuta duk abin da kuka amince a imel, tan nawa, farashi, ranar lodi da hanyar biya, ka tura a ranar.