Na karɓi kuɗin haya a hannun baƙo, 'yan unguwa sun ce in mayar masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina da gida a Dogarawa da ke Zariya, wani Bafulatani da ya gudo da iyalinsa daga yankin Birnin Gwari ya kama ɗaki biyu, na karɓi kuɗin shekara har na ba shi rasit. Yanzu 'yan unguwa sun sa ni gaba wai in mayar masa da kuɗinsa, wai irinsu ne ke zama infoma, har wani malami ya ce saddu zari'a ne, wato toshe ƙofar ɓarna tun kafin ta faru. Ya halatta in fasa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa bai halatta ba, kuma kai da kanka ka faɗi dalilin, tunda ka ce kuɗin shekara ka karɓa. Da tun farko ka ce ba ka bayarwa, gidanka ne, ba mai tilasta ka. Amma hayar da aka yanke mata wa'adi a wurin malamanmu na Malikiyya lazimi ce, ba ka da ikon warware ta kai kaɗai sai da yardarsa, kuma yardar da aka samu bayan matasa sun tsaya masa a ƙofar gida ba yarda ba ce. Haƙƙin maƙwabci kuwa ka san shi, aya ta 36 a Suratun Nisa'i ma ta ambaci maƙwabcin da ba danginka ba.

Toh sai maganar saddu zari'a, wadda a gaskiya ita ta fi damuna, don yanzu duk wanda ba ya son abu sai ya jawo ta. Eh ƙa'ida ce a mazhabarmu, amma Imam Ƙarafi a littafinsa Alfuruƙ ya kasa ta uku, akwai wadda aka haɗu a kan toshe ta kamar haƙa rijiya a hanyar mutane, akwai wadda ake saɓani, akwai kuma wadda aka haɗu cewa ba a toshe ta, kuma misalin da ya kawo shi ne ba a hana noman inabi don tsoron giya, ba a hana mutane maƙwabtaka a gidaje don tsoron zina. Ka ga kenan ana toshe ƙofa ne in ɓarnar ita ta fi yawa, ba don tana iya faruwa ba. Shi wannan bawan Allah me aka gani a wurinsa? An kama shi da wani abu ne, ko yarensa da kamanninsa ne laifin? In yare ne to wannan zato ne, kuma wani ba ya ɗaukar laifin wani, mutumin da 'yan bindiga suka raba da garinsa kuma mu zo mu ɗora masa laifinsu, wallahi zalunci ne a kan zalunci. Kuma mu Zazzagawa ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan magana, gidajen sarautarmu huɗu ma sunayensu na nuna daga wani wuri suka zo: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, Tudun Wada da Sabon Gari kuwa baƙi ne suka raya su.

Ban ce tsoron mutane wasa ba ne, an sha wuya a Giwa da kewaye, kuma bincike halal ne. Ka ɗauke shi da kanka ku je wurin mai unguwa da liman, ya faɗi garinsu da sana'arsa, ya kawo wanda ya san shi ya tsaya masa, wannan ya kamata ka yi wa kowane ɗan haya ko da ɗan Kwarbai ne da ke cikin birnin Zariya. In wata rana an ga abu na zahiri a kai wa hukuma, kar a tara yara da gora.

Sai kai kuma. Na lura daga rubutunka kunyar 'yan unguwa ce ke cin ka ba tsoron mutumin ba, to ka yi musu magana da laushi amma kar ka janye. Kar ka tsawwala masa kuɗi in shekara ta zagayo don ka ga ba shi da wurin zuwa, ka ja kunnen yaranka kar su riƙa kiran 'ya'yansa da sunan banza, maiɗakinka kuma ta leƙa matarsa ko da ɗan kwanon tuwo, a sa yaran a Islamiyyar unguwa.

Wallahu a'alam.